Tarbiyyar Zuciya A Makarantun Batsari Da Safana

Jama'a, akwai wata magana da muke so mu jawo hankalinku gare ta yau, game da 'ya'yanmu na ƙasar Batsari da ta Safana. In an tashi zancen ilmi a waɗannan wurare, abin da aka fi ambata shi ne gini, watau azuzuwa nawa aka rufe, nawa aka buɗe, rufin kwano nawa iska ta yaye, benci nawa ake bukata. Duk wannan gaskiya ne, ba mu kuwa raina shi ba. Amma akwai wani abu da ba a cika sa shi cikin lissafi ba, don ba ya ƙirguwa kamar yadda benci ke ƙirguwa, shi ne halin da zuciyar yaron da zai zauna bisa bencin take ciki. A ganinmu, in an buɗe ƙofar makaranta aka ƙyale wannan, to, an yi tuya an manta da albasa.

Abin Da Yaran Suka Gani

Wanda bai san ƙasar ba, bari mu ɗan kwatanta masa. Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne biyu maƙwabtan juna a yammacin Jihar Katsina, sun jingina da Dajin Rugu wanda ya miƙe har cikin Jihar Zamfara. Sarkin Ruma ke zaune a Batsari, Yariman Katsina kuwa a Safana. Bisa ga ƙidayar 2006, mutanen Batsari sun fi 200,000, na Safana sun fi 180,000, galibinsu manoma ne da makiyaya, waɗanda kakanninsu suka zauna tare, mai gona ya ba da kara, mai shanu ya bar taki.

Kowa ya san abin da ya auka wa wannan ƙasa. Cikin watan Mayu na 2019 'yan bindiga suka kashe mutum 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, har jama'a suka kwashi gawawwakin suka kai birnin Katsina don shugabanni su gani da idonsu. Ran 14 ga Fabrairu 2020 aka faɗa wa Tsauwa da Dankar, aka hallaka wajen mutum 30. Daren 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, wadda ba ta da nisa ƙwarai da Safana, aka kora yara cikin daji, sai ran 17 ga wata aka sako 344, Gwamnati kuma ta rufe makarantu. Cikin Satumba 2021 aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da waɗannan biyu, aka yi watanni ba a jin muryar ɗan'uwa daga nesa. A shekarar 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari da Safana da waɗansu maƙwabtansu.

To, mu yi ɗan lissafi. Yaron da ya isa shiga aji ɗaya na firamare a 2019, shi ne ya kamata ya fita daga aji shida a 2025. Watau shekarun nan shida da aka ɗebe masa don ya koyi baƙi da wasali da lissafi, a cikinsu ne ya koyi bambanta ƙarar babur ɗin maƙwabci da ƙarar baburan da ke zuwa da dare. A cikinsu ya koyi kwana da takalmi kusa da kai. Wani ya kwana cikin gonar dawa riƙe da hannun ƙanensa, wani ya ga an sayar da gonar gidansu da shanun noma don a biya kuɗin fansa, wani kuwa ya ga abin da ba za mu iya rubutawa a jarida ba. Waɗannan su ne yaran da muke kira su dawo aji su zauna shiru.

Tsoro Da Karatu Ba Su Zama Kai Ɗaya

Mu ɗauki misali da yaro ɗan shekara tara wanda iyayensa suka gudo daga ƙauye suka raɓe a garin Batsari, aka sa shi makaranta. Malam yana rubutu a allo, yaron yana duban taga. An rufe ƙofa da ƙarfi, ya zabura. An tambaye shi abin da aka karanta jiya, ya yi zuru. Wani yaro ya taka shi ba da gangan ba, ya tashi da faɗa kamar an zagi uwarsa. Malamin da bai san dalili ba sai ya ce wannan daƙiƙi ne, ko kuwa mara kunya, ya ɗauko bulala. Ashe kuwa ba daƙiƙanci ba ne, ciwo ne wanda ba ya fitar da jini.

Likitoci sun daɗe da gano yadda abin yake. In mutum ya firgita, jikinsa kan saki waɗansu sinadarai cikin jini, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, ido da kunne su buɗe, duk jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Wannan rahama ce ga wanda zai tsere wa haɗari. Amma in firgitar ta yi ta maimaituwa wata da watanni, sai jiki ya kasa komawa daidai, ko an fita daga haɗari yana nan a ɗaure. Yaro ya kasa barci sosai, ya kasa tattara hankali wuri guda, abin da aka koya masa da safe kafin azahar ya zube kamar ruwa a kwando. Saboda haka bulalar da aka yi masa don ya natsu, ita ce ke ƙara masa abin da ya hana shi natsuwa.

Abin Da Waɗansu Ƙasashe Suka Gano

Ba mu kaɗai ne wannan al'amari ya taɓa dama ba. A shekarar 1968 wani likita Baƙar Fata na Jami'ar Yale a Amurka, James Comer, ya soma aiki da makarantun firamare biyu na 'ya'yan talakawa a garin New Haven, waɗanda ke can ƙarshen baya wajen ƙoƙari. Bai fara da sauya littattafai ba. Ya fara da haɗa kan malamai da iyaye da masu lura da lafiyar hankali, don a gyara yadda ake zama da yaro da yadda ake yi masa magana. Bayan 'yan shekaru sai faɗace-faɗace da fashin makaranta suka ragu, karatu kuma ya ɗaga.

Daga irin wannan aiki ne a 1994 waɗansu masana suka kafa wata ƙungiya a Amurka mai suna CASEL, don a riƙa koyar da abin da mu za mu kira tarbiyyar zuciya da zaman tare, kamar yadda ake koyar da lissafi. Sun kasa shi kashi biyar. Na fari, yaro ya san abin da ke cikin ransa, ya iya ba shi suna, ya ce wannan tsoro ne, wannan fushi ne, wannan kewa ce. Na biyu, ya iya riƙe kansa in ransa ya ɓaci. Na uku, ya iya tausaya wa wani, ko da ba ɗan gidansu ba ne, ko ba yarensu ɗaya ba. Na huɗu, ya iya abota da sulhu da neman taimako. Na biyar, ya iya auna abu kafin ya aikata.

Mai karatu zai ce, to, ina ruwan wannan da cin jarrabawa? A 2011 waɗansu masana suka tattara sakamakon gwaje-gwaje 213 da aka yi a makarantu, waɗanda suka shafi yara fiye da 270,000. Suka tarar yaran da aka ba irin wannan tarbiyya sun fi sauran ladabi da zaman lafiya da juna, har wa yau kuma sun fi su karatu. Gwargwadon ribar shi ne, in an jera yara 100 bisa ga ƙoƙarinsu, yaron da ke tsakiya yakan haura wajen mutum 11. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje a Amurka aka yi su, ribar kuma ta fi fitowa inda aka bi tsarin sosai, ba inda aka ajiye wa malami littafi aka juya baya ba.

Tarbiyyarmu Ta Gado, Da Inda Ta Rage

Lalle wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun kafin Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, tun kafin a kafa Kwalejin Katsina, Bahaushe ya san malami ba karatu kaɗai yake bayarwa ba. Uba in ya kai ɗansa makarantar allo, ilmi da ladabi yake nema masa gaba ɗaya. Tatsuniyar da kaka ke yi wa jikoki da dare, da wasan dandali, da aikin gayya, da wasan da ke tsakanin taubasai, duk makarantu ne na sanin yadda ake zama da mutane. Haƙuri da kunya da kara da girmama na gaba, ba wanda zai zo daga waje ya koya mana su.

Amma gaskiya ɗaya ce, akwai wurin da tarbiyyarmu ta rage, yanzu kuwa ya fito fili. Mun iya koya wa yaro ya yi shiru, ba mu cika koya masa ya faɗi abin da ke damunsa ba. In ya yi kuka sai mu ce namiji ba ya kuka. In ya yi tambaya game da mahaifinsa da aka tafi da shi, sai mu ce yaro ba ya shiga maganar manya. In yarinya ta daina cin abinci ta daina wasa, sai mu ce ta yi hankali. Haƙuri abu ne mai kyau, amma haƙurin da ba a ba shi ƙofar fita ba yakan koma ƙulli a zuciya, ran da ya fashe kuwa ba wanda ya san a kan wa zai fashe. Miki in an rufe shi ba a wanke ba, ruɓa yake yi. Abin da ake bukata a makarantunmu shi ne a riƙe ladabinmu na gado, sa'an nan a ƙara masa wannan ɗaya, a ba yaro bakin magana da kunnen da zai saurare shi.

Adalci Ba Raba Daidai Ba Ne

Nan ne maganar adalci ta shigo. Dokar ilmi ta 2004 ta ce kowane yaro a Nijeriya yana da hakkin karatun shekara tara kyauta, kuma tilas. Bisa takarda, ɗan Kofar Soro a birnin Katsina da ɗan Wagini ko na Runka duk ɗaya ne, manhaja ɗaya, jarrabawa ɗaya. Amma in an sa yara biyu tsere, ɗaya ya kwana ya ƙoshi, ɗaya kuwa ya kwana a guje kuma yana ɗauke da dutse a ka, wa zai ce an yi adalci don an tashe su daga layi ɗaya? Likita ba ya raba magani daidai wa daida tsakanin mai lafiya da majinyaci. Wanda ya fi jin ciwo shi ake fara dubawa.

Abin mamaki kuwa, a halin yanzu abin a juye yake. Makarantun kuɗi na manyan birane su ne suka fi samun malamin ba da shawara da filin wasa da aji mai 'yan yara kaɗan. Makarantar ƙauyen da ke bakin daji, inda aka fi bukatarsu, ita ce malamai ke gudun a kai su, ba kuwa za mu ga laifinsu ba, don rai ba shi da na biyu. Ƙa'idar ilmi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma duk wanda ya leƙa makarantar garin da 'yan gudun hijira suka cika ya san an wuce nan nesa.

Akwai yara iri uku da muke so a sa wa ido musamman. Na farko ɗan gudun hijira, wanda ya rasa shekara biyu ko uku, aka zaunar da shi da ƙannen bayansa, suna yi masa dariya don ya girme su kuma bai iya abin da suka iya ba. In ba a lallashe shi ba, mako kaɗan zai yi ya bar aji ya koma tasha ko kasuwa. Ta biyu yarinya. Ita ce ake fara cirewa daga makaranta in hanya ta yi tsoro, ita ce kuma in wani abu ya same ta a hannun miyagu ake ɗora wa kunyar laifin da ba ita ta yi ba. Na uku, wanda mutane da yawa ba su so a ambata, shi ne ɗan makiyayi. Shi ma an ƙone rugarsu, an kore shanun ubansa, an kashe nasa. Tun 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ilmin Makiyaya, amma har yau ɗan ruga ya fi kowa nisa da allo. In ya zo makaranta aka kira shi ɗan ɓarayi, ba zai dawo ba, wanda zai karɓe shi hannu biyu kuwa yana can cikin daji yana jira. Sulhun da manya suka ƙulla a ƙarƙashin itace ba zai daɗe ba in 'ya'yansu ba su iya zama bisa benci ɗaya ba.

An Taɓa Gwadawa Kusa Da Mu

Kada a ce wannan sai ƙasar Turawa. Daga 2014 zuwa 2017, da taimakon Gwamnatin Amurka, an buɗe wuraren karatu na wucin gadi a Adamawa da Bauchi da Gombe da Yobe da Barno don yaran da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu. Abu uku aka koyar a wuraren, karatu da lissafi da tarbiyyar zuciya, yara fiye da 80,000 suka bi ta ciki. A Diffa ta Jamhuriyar Nijar ma ƙungiyar agaji ta IRC ta yi irin wannan aiki da yaran da suka yi hijira. A nan Katsina kuwa, jihar tana cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, cikin shirin kuma akwai sashen koya wa 'yan mata dabarun zaman duniya. Har wa yau Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka karɓi Alkawarin Kare Makarantu wanda aka ƙulla a birnin Oslo a 2015, ita ce ma ta karɓi baƙuncin taronsa na huɗu a Abuja a 2021. Ashe ba sani ne ya gagare mu ba. Abin da ya rage shi ne a kai sanin inda ake bukatarsa, kada kuma ya tsaya ranar da kuɗin baƙi suka ƙare.

Abin Da Muke Ganin Ya Kamata

Da fari a fara da malami. Malamin Batsari ko na Safana ba daga sama ya faɗo ba, abin da ya ci yaran ya ci shi, wataƙila shi ma ya biya fansar ɗan'uwansa. Tulun da ba ruwa ba ya shayar da kowa. Muna roƙon Hukumar Ilmin Firamare ta Jiha ta riƙa tara malaman waɗannan wurare lokacin hutu, a koya musu alamun yaron da ya firgita da yadda ake bi da shi, a kuma saurari nasu kukan. Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita tana nan Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, ga kuma Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Katsina. Ya kamata duk malamin da zai fita daga cikinsu ya fita da wannan sani. Wanda kuma ya yarda ya zauna a makarantar bakin daji, a yi masa ƙarin alawus da ɗakin kwana, a kuma sa shi gaba wajen ƙarin girma.

Na biyu, akwai abubuwan da ba su cin ko kwabo. Malami ya san sunan kowane yaro, ya gaishe shi da sunansa da safe. A riƙa fara aiki da tashi a kan lokaci ɗaya kullum, don yaron da duniyarsa ta rikice yana samun natsuwa in ya san abin da zai biyo baya. A ɗebe minti goma kafin darasi a zauna a zagaye, mai son magana ya yi, wanda ba ya so kada a tilasta shi. A bar yara su yi zane da wasa da tatsuniya, don abin da baki ya kasa faɗi sau da yawa hannu yakan zana shi. A haɗa ɗan gari da baƙo, ɗan manomi da ɗan makiyayi, su yi aiki ɗaya, ko shara ko ban ruwan itatuwan makaranta. A kuma rataye bulala. Yaron da ya ga bindiga, bulala ba ta koya masa kome sai cewa mai ƙarfi shi ne mai gaskiya, wannan darasi kuwa ya riga ya sha shi fiye da kima.

Na uku, iyaye da shugabanni. Hedimasta shi kaɗai ba zai iya ba. Dagatai da masu unguwa da limamai da arɗaɗa su ne suka san gidan da aka yi rashi da gidan da yarinya ta daina fita. Su riƙa zama da malamai ko sau ɗaya a wata, a bi sawun duk yaron da aka daina gani a aji. Malaman allo da na Islamiyya ma a sa su ciki, don yara da yawa a hannunsu suke wuni. Yaron da abin ya yi wa tsanani, wanda ba ya barci ko ya daina magana ɗungum, wannan ya fi ƙarfin malami, sai a kai shi asibiti, ba kuwa abin kunya ba ne.

Mun san wani zai ce, ana fama da yunwa da rashin alli da rashin tsaro, ku kuna zancen zuciya. Amsarmu ita ce, ba mu ce a bar ɗaya don ɗaya ba. Tsaro shi ne gaba da kome, abinci kuma tilas ne, gini ma haka. Amma duk kuɗin da aka kashe wajen gini da littattafai, a kan yaro za su ƙare, in kuwa kan a rufe yake da tsoro, an yi shuka bisa dutse. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran nan da ke aji uku da aji huɗu yau, nan da shekara 15 su ne manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da malaman ƙasar Ruma da ta Safana. Abin da muka bari a zukatansu yau, shi za su fito da shi ran nan, ko alheri ko ramuwa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnati da sarakuna da iyaye, in an zo ƙidayar azuzuwan da aka buɗe, a tambaya kuma yara nawa suka dawo, nawa suka zauna har ƙarshen shekara, nawa kuma suka koma dariya da wasa kamar sauran yara. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya raya mana zuriya, amin.